Ƙwallon Dabino na Uku

Majo, wato babban ma'aikacin asibitin garinmu, shi ne ya kawo wasan nan Keita. Daga Yamai aka turo shi aikin jinya, shekarunsa talatin da wani abu, bai zo da iyali ba, ranar Lahadi kuwa ba shi da inda zai sa kansa. Wata rana na je gidan da yake haya ya auna mini tansiyo, wato hawan jini, sai na ga wani littafi mai kauri bisa tebur, kusa da shi ga ƴar jaka cike da duwatsun roba masu lambobi, wani mai fuska shida, wani takwas, wani har ashirin. Na ɗauki mai ashirin ɗin na juya shi a tafin hannu, na ce na san wannan.

Bai yarda ba. Na ba shi labari cewa lokacin da nake tafinta a furoje, wato shirin gyaran ƙasa, wani injiniya Ba'italiye ya gayyace ni ƙasarsu, na yi wata biyu a gidansa. Ƴaƴansa da abokansu sukan kewaye teburin cin abinci, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin yana magana da bakinsa. In mutuminka zai yi abu mai wuya, kamar tsallake rami ko saran dodo, sai ka jefa dutse, lambar da ta fito ita ke nuna ko ya yi nasara. Na ce wa majo a lokacin na ɗauke shi tatsuniyar ƴaƴan da ba su da gona. Ya yi dariya ya ce, “Baba, an gama girbi. Yanzu kowa ba shi da gona.”

Haka muka soma, mu huɗu, kowace Lahadi daga azahar zuwa dab da magariba, ƙarƙashin rumfar gidansa. Majo ke jan labari. Akwai taubashina, ɗan gwaggona, tela ne, bakinsa ba ya hutawa. Sai kuma aminina, magini, wanda muka san juna kusan shekara arba'in, tun yana jera duwatsun tare ruwa a kan tuddai ni kuwa ina juya maganar Turawa zuwa Hausa. Tun daga can yake kirana Tafinta, bai taɓa kirana da wani suna ba.

Ni na jawo shi wasan, don na ga yana ramewa. Ɗansa na fari, wanda ya gaji ginin, ya tafi biɗa Libiya shekara uku kafin nan. Yakan aiko murya a wayar salular matarsa, ana kunna wa tsohuwa, uwarsa, ta ji, uban kuwa ya yi kamar yana gyaran igiyar akuya a kusa. Farkon damina muryar ta ɗauke. Wata biyar ke nan ba labari. Kowa a unguwa yana tambaya, ban da uban. Ɗan fari ne. Tun ranar suna bai taɓa furta sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba, in dole ta kama sai ya ce “yaron nan”. Na zauna ƙasashe da yawa, na ga injiniyan nan yana sumbatar ɗansa mai gemu, yana kiran sunansa sau ashirin kafin a gama cin abinci, na ga Larabawan da ke kiran mutum da sunan ɗansa na fari don girmamawa. Mu kuwa sai mu rufe baki a kan wanda ya fi tsaya mana a rai. Ban ce namu ya fi muni ba. Ni ma haka na yi da ƴata ta fari.

Ranar farko majo ya ba kowa takarda, ya ce a gina mutum. Taubashina bai tsaya tunani ba ya ce ɓarawo yake so. Na ce ai wannan ba gini ba ne, hoto ne. Ya ce, “Yi shiru, bawana, kai dai za ka riƙe mini jaka.”

Ni majo ya ba wa shawarar in ɗauki mai addini, domin tafiya ba ta yiwuwa ba mai warkarwa. Na karanta shafin da kaina, da Faransanci yake. A littafin, mutumin nan yana zaɓen abin bauta cikin jerin gumaka, daga gare shi yake samun ikon warkar da rauni da korar fatalwa. Na ture littafin na ce wannan kam ba da ni ba. Majo ya ce to in mai da shi malami irin namu. Na ce wannan ya fi muni, ba zan sa sunan Allah a bakin dutsen roba ba. Muka yi kusan awa guda muna ja, shayi ya huce, taubashina yana cewa ko liman bai yi wa aurensa tambayoyi haka ba.

Daga ƙarshe ga abin da muka tsayar. Mutumina tsoho ne matafiyi, yana da buta da sanda da gafaka, ya san saiwoyi da ɗaurin karaya. Abin da yake yi wa mai rauni sai mu kira shi roƙo, ba tare da mun faɗi kalmomin ba. Roƙo uku yake da shi a kowace rana ta cikin labari. Majo ya ba ni ƙwallayen dabino uku in ajiye gabana, in na yi roƙo ɗaya sai in jefa ƙwallo ɗaya cikin kofi. Ran kowane mutum kuma da wake ake ƙirga shi. In an sare ka majo ya kwashe wake, in na yi maka roƙo a mayar maka. In wakenka ya ƙare ka faɗi, in aka zagaya sau uku ba a kai maka ɗauki ba, ka mutu.

A ƙasan takardar na ga wani layi da ke cewa in mutumin ya ƙware zai iya tada matacce. Na karɓi alƙalamin bik na soke layin, na maimaita sau uku har takardar ta kusa hujewa. Majo ya ce, “Baba, za ka bukace shi wata rana.” Na ce ko a tatsuniya ban yarda ba. Maimakonsa na sa ya rubuta wani aiki da babu shi a littafin: mutumina shi ne mai wanke gawa, shi ne kuma mai kai saƙon rasuwa ga dangi. Na ce a wurinmu wannan shi ne aikin dattijo, ba korar fatalwa ba. Na faɗi haka da alfahari, ina jin na gyara wa Turawa littafinsu.

Aminina bai iya karatun boko ba, don haka majo ke tambaya yana rubutawa. Wane irin mutum? Ya ce magini. Majo ya ce babu magini a littafin, amma za a iya mai da shi mayaƙi mai guduma. Ya ce to. Dogo ne ko gajere? Dogo. Sai ya ci gaba ba a tambaye shi ba. Bahago ne, in ji shi. Yana da wushirya. Yana tsoron kare amma ba ya tsoron rijiya. Ba ya cin kuɓewa. In yana aiki yakan ciji leɓensa na ƙasa. Majo baƙo ne, yana ta rubutu yana yaba wa tsohon da iya ƙirƙira. Ni da taubashina muka dubi juna, muka dubi ƙasa. Siffar ɗansa ce yake faɗa, mu biyun mun sani.

Majo ya tambayi sunan mutumin. Aminina ya ce, “Bar wurin hakanan.”

Duk lokacin ɗari muka yi muna wasa. Majo ya juya labarin ya dace da ƙasarmu: rijiyoyin wani gari sun ƙafe, aka aiki mutum uku arewa su nemo inda aka toshe idon ruwa. Akwai ƴan fashi, akwai kuraye masu magana, akwai wani tsohon birni a ƙarƙashin dutse. Abin da ban zata ba shi ne aminina. Mutumin da ba ya haɗa kalma goma a yini, a rumfar nan sai ya buɗe. “Ni zan shiga gaba,” in ji shi. “Ni na san bango, wanga bangon ba shi ɗaukar mutum.” Wani lokaci yakan manta ya ce, “Shina jin yunwa, ku ba shi abinci tukuna,” ko kuma, “Ba shi da bargo, Tafinta, ka lura da shi.” Shekara talatin da biyar bai faɗi irin wannan a kan ɗansa ba. A kan mutumin takarda babu mai cewa ya yi rashin kunya.

Ni kuma na koyi aikina. Mai warkarwa ba ya shiga gaba, yana bayan kowa yana ƙirga waken mutane. Wasan nasa duk zaɓi ne: ƙwallo uku, masu rauni biyu, ga hanya da nisa. Da farko ina raba daidai.

Ƙarshen ɗari, ranar kasuwa, wani mutumin Garhanga ya same ni a rumfar masu goro. Ya dawo daga Libiya kwana huɗu da suka wuce. Ya ce an gaya masa ni ne aminin uban yaron nan da ya tafi biɗa, kuma ina karanta Larabci. Muka koma bayan wani shago, ya miƙo mini leda. A ciki akwai salula da ta mutu, da katin shaida, da cokalin gini wanda gefensa ya cinye ta ɓangaren da bahago ke cinye shi, da wata takarda da Larabci daga waɗanda suka yi jana'iza. Ramin tushen gini ne ya rufta da ɗan aminina. Shi mutumin yana cikin waɗanda suka tono shi, yana cikin waɗanda suka sallace shi. Wata takwas ke nan. Ya ce bai so ya aiko ta salula ba, irin wannan ba a aiko shi ta iska. Ya yi abin da ya dace. Ya kawo wa dattijo, ya sauke nauyinsa, ya hau mota ya koma garinsu.

Na san yadda ake yi, na yi wa wasu sau da yawa. Ka ɗauki liman ko wani babba, ku je da hantsi, ku zauna a zaure. A gaisa a natse. Ka ce an sami labarin wane ba shi da lafiya, jikin ya yi tsanani. Ka bar mutum ya taka sauran da ƙafarsa, har shi da kansa ya ce, “Ya cika ko?” Sannan ka ce sai haƙuri. A Italiya na ga suna manna takarda mai baƙin gefe a bango, kowa ya karanta yana wucewa. A Abijan rediyo ke faɗa. Kullum ina cewa namu ya fi tausayi.

Na sa ledar a ƙasan akwatina na ce gobe. Gobe ta zo, na tuna majo ya ce tansiyon aminina ya hau, na ce bari ya sauka. Sai Lahadi ta zo. Ranar mutuminsa ya fasa wata ƙofa da guduma, dutsen ya ba shi ashirin cif, tsohon nan ya yi dariya har da tafa hannu. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin damina. Na ce a raina bari in bar masa mako guda.

Mako gudan nan ya zama bakwai. Ba zan ce tausayi ne kaɗai ba. Tsoro ne. Na kai saƙon rasuwa gidaje da yawa, amma ban taɓa kai wa wanda zan ci gaba da zama da shi kullum ba. Kowace Juma'a bayan masallaci ina cin tuwo a zaurensa kamar yadda muka saba. Matar yaron ce ke dafawa.

A wasa kuwa hannuna ya soma tona ni. Duk ƙwallayena uku a kan magini suke ƙarewa. Ko wake biyu ya rasa sai in jefa ƙwallo a kofi. Ɓarawon taubashina kura ta cije shi, ya yi Lahadi biyu yana jan ƙafa da wake ɗaya.

“Wanga wane irin malami ne?” in ji shi. “Ni ina zubar da jini, shi ƙaya ta soke shi, ka tahi wurinshi. Majo, a canza muna malami, wanga na cin hanci.”

“Ɓarawo ba shi da lada,” na ce.

“To shi mi ya ba ka?”

Aminina ya ce, “Ƙyale shi. Tafinta ya san wanda ke riƙe da tafiyar.” Ya dube ni da godiya. Na sunkuyar da kai kamar ina gyara wake.

Lahadi ta bakwai zafi ya riga ya sauka. Muna tsakiyar wasa aka yi sallama a ƙofar gida. Matar yaron ce, ta kawo maganin tansiyon da surukinta ya manta. Ba za ta shigo inda yake zaune ba, shi ma ba zai tashi ya same ta ba, don haka ni na fita. Ta durƙusa ta miƙo maganin da hannu biyu. Hannuwan sun sha lalle, sabo, ja wur. Ta yi ƙasa da murya ta ce, “Baba, an ce motoci sun sauka Agadas da mutanenmu da yawa. Kai ka san hanyoyin nan. In ka ji wani abu.”

Na ce, “Allah shi sa mu ji alheri, ɗiyata.”

Ta ce amin, ta tashi ta tafi da sauri kamar mai aiki a gida. Na tsaya a ƙofar ina kallon maganin a hannuna. Mijinta ya kusa wata goma a ƙasa, ita kuwa ta kwana da lalle don tarbarsa, kuma ni na sa ta ce amin.

Na koma na zauna. A cikin labari mun kai ƙarƙashin tsohon birnin, inda aka toshe idon ruwan da wani bango. Magini ya ce shi zai fasa. Majo ya ce bangon na iya ruftawa, a jefa dutse. Ya jefa, biyu ta fito. Majo ya jefa nasa, ya ƙirga, ya miƙa hannu ya kwashe waken da ke gaban aminina duka. Ban shirya wannan ba, majo kuma bai san komai ba. Irin haka ta faru sau biyu a baya, na tashe shi. Ƙwallo ɗaya ya rage gabana.

“Zagaye na ɗaya,” in ji majo. “Baba, mi kake yi?”

Na ce mutumina yana kwashe duwatsu daga kansa.

Taubashina ya ce nasa yana riƙe fitila, yana kuma laluben aljihun wanda ya faɗi, ko da abin da ba zai ƙara bukata ba. Shi kaɗai ya yi dariya.

“Zagaye na biyu.”

Na ce mutumina ya jawo shi fili, ya share masa ƙasa daga fuska.

Aminina ya ce, “Tafinta, jefa ƙwallon.”

Ban motsa ba.

“Saura ɗaya gare ka. Ina ƙirgawa. Ga shi nan kusa da hannunka.”

“Zagaye na uku,” in ji majo a hankali, yana dubana, don ya ga abin ya fita daga wasa amma bai san ta ina ba.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In jefa ƙwallon, a gama wasa, gobe da hantsi in ɗauki liman mu je zaure. Kwana ɗaya bayan mako bakwai ba zai ƙara komai ba. Amma na ji ba zan iya tada yaron nan da ƙwallon dabino sau ɗaya kuma ba, ubansa ya yi mini godiya. Sai na ji bakina yana cewa mutumina ya rufe masa ido, ya juya shi ya fuskanci gabas, ya ɗauko buta.

Aminina ya ce, “Ba ka makara ba. Majo bai rufe zagayen ba.”

Na ce, “Na makara. Tun kafin in iso ya daɗe da cikawa. Rami ne ya rufta da shi. Waɗanda ke wurin sun yi mishi sutura, sun sallace shi, Musulmi ne. Sai haƙuri.”

A labarin majo bango ne, ba rami ba, kuma babu kowa a wurin sai mu uku. Taubashina ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Na ji yana salati ƙasa-ƙasa.

Aminina ya daɗe yana kallon wurin da wakensa yake a da. Sannan ya juya wajen majo, ba wajena ba, ya ce, “Ɗana, a littafin nan, ba ka ce akwai wanda ke tada mutum ba?”

Majo ya ce, “Akwai, Baba. Amma an soke shi.”

“Wa ya soke?”

Majo ya dube ni. Takardata tana gabana, layin bik ɗin yana nan baƙi.

Sai a lokacin na ga girman abin da na yi. Da a zaurensa ne, da liman a gefe, da ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, babu mai ganin fuskarsa. Ni kuwa na faɗa masa a gidan baƙo, gaban tela, gaban yaron da ya haifa a shekaru, a kan ɗan fari, wanda ko a makabarta ba a so a ga hawayen uba a kansa. Na ba shi labarin a wuri ɗaya tak da yake iya maganar yaron, na kuma toshe wurin. Ba shi da inda zai kai fuskarsa. Ya gyara zama, ya tattara duwatsun ya tura wa taubashina, ya ce, “Kai ke da jifa.”

Taubashina ya ce, “Haba, yaya.”

“Jefa. An aike mu neman ruwa, ba mu kai ba.”

Muka yi wasa har aka kira la'asar. Ban taɓa zama mai tsawon wannan ba, ko a kan iyakokin da aka tsare ni kwana biyu. Majo yana jan labari, ɓarawo da tsoho suka fasa sauran bangon, ruwa ya fito. Aminina yana zaune ba shi da mutum, ba shi da wake, hannuwansa bisa gwiwa, yana kallon kowane jifa kamar aikinsa ne ya duba.

Bayan salla ya bi ni gida ba tare da na ce ya zo ba. Na fito da ledar. Bai taɓa salular ba, bai dubi katin ba. Cokalin ginin ya ɗauka, ya shafa gefen da ya cinye da babban yatsa.

“Yaushe ta zo hannunka?”

“Mako bakwai.”

Ya jinjina kai. “Juma'a bakwai ka ci tuwon yarinyar nan.”

Na ce haka ne.

“To. Na gode, Alhaji.”

Bai taɓa kirana Alhaji ba, ko ranar da na dawo daga Makka.

Kashegari aka yi abin da ya kamata a yi tun farko. Liman ya zo, aka shimfiɗa tabarmi, aka karɓi gaisuwa kwana uku. Aminina ya zauna a gefe kamar wanda ya zo taya wani, ƙanensa ne ke amsa ta'aziyya. Liman ya ce a shari'a kwanakin takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga su, sun riga sun wuce. Tsofaffin matan gidan suka ce ba su taɓa ganin matar da ta ji mutuwar miji ta fita kasuwa kashegari ba, ita ma yarinyar ta ce za ta yi. Ta shiga ɗaki da sauran lalle a hannu, wata huɗu da kwana goma daga ranar da ta ji. Na zauna na ƙirga da yatsu. Da na kai saƙon ranar da ya zo, da ta fita kafin ruwan shuka. Yanzu sai bayan noman fari. Tana da ƴaƴa biyu, kuma ƴar gonar da mijin ya bar mata ita ce abincinsu.

Wasan bai sake zama ba. Majo ya zo gidana ya ce da ya sani da bai sa bangon nan a labari ba. Na ce ba bangonsa ba ne. Ya ce aminina ya aiko a ba shi takardar mutuminsa, wadda wurin suna ke fili, ya ba shi. Ban tambayi abin da ya yi da ita ba. Tawa takardar tana cikin akwati, a wurin da ledar ta zauna. Ƙwallon ban san inda ya shiga ba, wataƙila an share shi da shara.

Da ruwan shuka ya sauka na aika a gaya wa aminina zan sa a shuka gonar yarinyar. Ya aiko cewa an gode, akwai mai yi. Da sassafe na je na tarar da shi shi kaɗai a gonar, mutum mai shekara saba'in da tansiyo, yana sara da sungumi, ƙwaryar iri tana ajiye a bakin gona don babu mai bin sa da ita. Shuka aikin mutum biyu ne, ɗaya na sara, ɗaya na zuba iri yana rufewa da ƙafa. Na cire takalmi na ɗauki ƙwaryar na bi bayansa. Bai juyo ba, bai kore ni ba. Muka yi layi goma sha ɗaya ba magana, gwiwoyina suna ƙara. A ƙarshen na goma sha biyu ya tsaya ya dubi ramukan da na rufe, ya tona ɗaya da yatsan ƙafa.

“Kana zuba iri da yawa, Alhaji,” in ji shi. “Ba a da na ɓarna.”

Ya juya ya ci gaba da sara, na rage hannu na bi shi. Shekara uku ke nan. Muna gaisawa a masallaci, in ya yi ciwo ina zuwa, in na yi yana zuwa. Ranar Juma'a in an sallame, ya kama hanyar gidansa, ni in kama tawa.